Lissafin Auta da Namu

A wannan fitowa za mu ɗan ratse daga zancen littafi da maɗaba'a, mu kawo muku wata magana ta cikin gida wadda ta hana mu barci wajen wata biyu. Muna neman afuwar edita, domin mun san ba a saba ganin lissafi a waɗannan shafuka ba, kuma in za a faɗi tsakani da Allah, da yawa daga cikinmu gudun lissafi ne ya jefo mu cikin adabi.

Abin ya faro ne wata ranar Laraba a farkon shekarar 2025, da hedimastan makarantar da autarmu ke karatu a nan Sabuwa ya aiko a ce yana son ganinmu. Makarantar kuɗi ce 'yar madaidaiciya, irin waɗanda suka cika garuruwanmu yanzu. Muka tafi gabanmu na faɗuwa, muna tsammanin ko bashin kuɗin zango ne, ko kuwa yarinyar ta yi wa wani rauni. Muka tarar da shi fuska a sake. Bayan mun gaisa ya jawo takardun sakamako ya shimfiɗa a kan tebur, ya ce, "Malam, wannan ɗiya taka ɓata mata lokaci muke yi a aji huɗu. Duba nan, 98 a lissafi, nan 100, nan 97. Malaminsu kan gama rubuta tambaya a allo ya juyo ya tarar ta ɗaga hannu. Shawarata ita ce ka saya mata fom ta zauna jarrabawar shiga sakandare bana tare da 'yan aji biyar da shida. Ni na tsaya mata, za ta ci."

Mai karatu, babu uban da za a gaya wa haka kansa bai kumbura ba. Tun daga ofishin hedimasta har bakin kasuwa ji muke kamar ba a ƙasa muke tafiya ba. Sai da muka zo daidai wajen masu awon masara sa'an nan wani abu ya tsaya mana a ƙirji, domin mun tuna cewa an taɓa yi wa mahaifinmu irin wannan albishir a kanmu.

Mu 'yan farin shiga ne na shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1976, lokacin nan muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tunda sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Yara sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan, duk wanda ya ɗan nuna kaifin kai sai a tura shi gaba don a rage cunkoso. Mu kuwa Allah ya ba mu hadda. Muna aji uku mun haddace jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu, muna rera shi kamar karatun allo. Aka ce wannan yaro ya fi ƙarfin aji huɗu, aka ɗauke mu sai aji biyar. Ranar nan har zakara aka yanka a gidanmu.

To ashe a aji huɗu ake koyar da lissafin kaso, wato rabi da sulusi da rubu'i, da yadda ake tara su da ɗebe su. Mu dai ba mu taɓa zama an koya mana ba. Muka ci gaba da lallaɓawa da hadda da leƙen littafin maƙwabci, har muka shiga sakandare a 1981. Muna fom ɗaya malami ya kira mu gaban allo ya ce mu tara rabi da sulusi. Muka tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, muka rubuta biyu bisa biyar, muka juyo muna murmushi. Aji ya fashe da dariya. Malamin ya ce, "Kai ne aka ce mana ƙwaro ne?" Daga wannan rana muka koma bencin baya, kuma yaron da aka sani da ƙoƙari ba ya iya ɗaga hannu ya ce bai gane abin aji huɗu ba, kunya ba za ta bar shi ba. Da aljabara ta zo da haruffanta sai ta tarar da gini ba harsashi. Muka gama a 1986 da tara a lissafi, muka sake zama har sau biyu kafin mu tsallake da ƙyar. Shekara ɗaya aka rage mana a firamare, shekara biyu muka biya a zaman jiran sakamako. Amsar tambayar nan biyar bisa shida ce, kuma sai da muka yi gemu muka gane dalili.

Da wannan tabon muka isa gida, mun riga mun yanke cewa ba za a yi ba. Sai dai mun manta cewa uwargida ma tana da nata tabon.

Da muka ba ta labari ba ta ce komai ba sai bayan isha'i, yara sun yi barci. Ta ce, "Malam, kai shekara biyu ka rasa. Ni duka na rasa." Tana aji uku na sakandare aka cire ta aka yi mana aure, kuma ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. A shekaru sama da ashirin da muke tare ba ta taɓa yi mana gorin wannan ba sai ran nan, kuma ko a ran nan ma ba da faɗa ta yi ba. Lissafi ta yi mana da yatsu. Auta za ta cika tara da damina. In ta bi layi, sai tana sha ɗaya za ta shiga sakandare, ta gama tana sha bakwai. Ta ce, "Ka san garin nan. Yarinya ta kai sha biyar, masu sallama sun fara zarya, 'yan uwanka sun fara yi maka magana a masallaci. Yau kana da rai kana iya tsayawa. Gobe fa? In ta shiga tana tara, ta gama tana sha biyar, takardarta na hannunta kafin kowa ya buɗe baki. Namiji yana da lokacin ɓatawa. Mace agogo ake saka mata."

Wallahi ba mu sami abin cewa ba. Duk karin maganar da muka tanada, su sauri ya haifi nawa, su sannu ba ta hana zuwa, sai muka ji sun yi mana nauyi a baki, domin ita ma tana da nata, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Abin da muka lura da shi, mu da sana'armu ke nan, shi ne Bahaushe bai bar kowane ɓangare na gardama ba makami ba, saboda haka karin magana ba ta raba irin wannan rigima.

Hajiya mahaifiyarmu, wadda ke kiran Auta kishiya, tambaya ɗaya ta yi da zancen ya kai kunnenta: "In ta ci, ina za ku kai ta?" Nan ma aka tsaya. Amfanin tsallakar da yaro mai hazaƙa shi ne ya je inda za a ba shi abin da ya fi wanda yake samu, kuma makarantun da suka amsa wannan suna galibi na kwana ne, suna kuma nesa da mu. Akwai makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya a Suleja, wadda aka buɗe a 1990, ana shigarta ta hanyar jarrabawa ta musamman. Akwai kuma makarantun kimiyya na jiha. To amma mu mutanen wannan yanki ba ma jin kalmar makarantar kwana yadda muke jin ta da. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Waɗannan yara su ne zaɓaɓɓun garuruwansu, su ne masu ɗaga hannu kafin malami ya juyo. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, mutum na da ɗa a wani gari ba shi da halin jin muryarsa. Hajiya ta ce, "Kishiyar tawa ko kitso ba ta iya zama a gama mata ba sai da kuka. Ita za ku ba akwati?" Daga ranar aka cire zancen makarantar kwana. Saura ta jeka-ka-dawo a cikin gari, inda aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da yadda malami zai iya sanin sunayensu, kuma inda za ta zauna benci ɗaya da 'yan shekara sha uku da sha huɗu.

Ana cikin haka azumi ya kama, aka ba da hutu, ƙanen uwargida da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua ya zo gaida mu. Muka zayyana masa komai, kowa na fatan ya goyi bayansa. Shi kuwa ya ce ba zai ce uffan ba sai ya zauna da yarinyar. Ya ce maki 98 yana nuna yaro ya iya abin da aka tambaye shi ne kawai, a makarantar da malamin da ya koyar shi ne ya fitar da tambaya, shi ne kuma ya duba.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya kira ta. Mu muna daga zaure muna saurare, muna yi kamar muna duba wani rubutu. Bai ɗauko littafi ba. Ya ce, "Auta, wani mutum ya rasu ya bar buhun masara 24, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ya rage, namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Raba musu." Ta tsinci tsakuwa ta jera, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Kawu, matar buhu 3. Saura 21. Maza biyu kamar mata huɗu ne, da mata uku, bakwai ke nan. Kowace mace 3, kowane namiji 6." Ba a koya mata wannan a makaranta ba. Mun dai san tana zama kusa da uwarta wajen lissafin cinikin ƙuli-ƙuli da kuɗin adashi, kuma ta fi kowa a gidan saurin ba da canji.

Sa'an nan ya buɗe wani tsohon kundin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare, ya nuna mata guda ɗaya ya ce ta karanta ta amsa. Da Turanci take, zancen famfo biyu da ke cika tanki. Muka ji tana harhaɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe, ta kai ƙarshe ta koma farko. Can ta ɗebi lambobin da ta gani a ciki ta tara su kawai ta faɗi amsa, amsar kuwa ba daidai ba ce. Kawu bai ce ta yi kuskure ba. Ya rufe kundin ya ce, "Yayarki tana cika randa cikin minti 30, ke kina cikawa cikin minti 60. In kun haɗu kuna jido tare fa?" Ta ce, "A awa ɗaya Yaya ta cika biyu, ni na cika ɗaya, randa uku ke nan. To kowace randa minti 20." Tambayar nan ita ce ta cikin kundin, riga kawai ya sauya mata.

Da aka sha ruwa ya tara mu ya ce mana abu biyu. Na farko, yarinyar nan tana da baiwa ta gaske, irin wadda shi a shekarunsa na koyarwa bai ga fiye da 'yan ƙalilan ba, kuma barinta tana hamma a aji huɗu zalunci ne, domin yaron da ba ya shan wuya a karatu yakan saba da lalaci, ranar da ya gamu da abu mai wuya sai ya ɗauka kansa ne ya toshe. Uwargida ta dube mu. Na biyu kuma, a karatun Turanci 'yar aji huɗu ce cif, ba ta wuce ba, kuma a sakandare da Turanci za a koya mata komai, har lissafin. Mu ma muka dube ta.

Ya ce matsalarmu a ƙasar nan ita ce tsallake ɗaya muka sani, na a ɗauki yaro ɗungurungum a jefa shi gaba, da abin da ya iya da wanda bai iya ba. A Amurka, in ji shi, gardamar da suke yi ta a gaggauta wa yaro lissafi ne kaɗai, ya fara aljabara da wuri alhali yana tare da tsararsa a sauran darussa, kuma su ma ba su daidaita ba. Birnin San Faransisko ya hana koyar da aljabara a aji takwas a 2014 don kada a raba yara gida biyu, iyaye suka yi ta ƙorafi, a 2024 aka yanke shawarar dawo da ita. Ya kuma ba mu labarin wani malami mai suna Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya fara bibiyar yara masu baiwar lissafi a 1971, aka ci gaba da bin rayuwar dubbansu shekaru da dama, aka ga waɗanda aka bari suka yi sauri galibi sun amfana. Sai dai waɗancan yara an auna su da jarrabawar manya kafin a ce suna da baiwa, ba takardar sakamakon zango aka duba ba.

Game da hedimasta kuwa, ba mu zarge shi da mugun nufi ba, har yau muna ganin yana ƙaunar yarinyar. Amma kowa ya san yadda kasuwar take. Makarantun kuɗi da yawa aji shida ya zama kufai a cikinsu, wasu ma ba su da shi sam, domin iyaye na son rage kuɗin shekara guda, makaranta kuma na son a ce ɗalibanta tun daga aji huɗu suke cin jarrabawa. Tsarin da hukuma ta shimfiɗa shekara shida ne a firamare, uku da uku a sakandare, huɗu a jami'a, amma a aikace kowa gudu yake. Kuma ga inda gudun ke kaiwa: hukumar JAMB ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. A 2024 har an yi yunƙurin mayar da shi 18 kafin a janye. A jarrabawar 2025 yara sama da 40,000 da ba su kai shekarun ba suka zauna, aka ce sai wanda ya sami maki 320 cikin 400 za a duba lamarinsa, 'yan ɗaruruwa ne suka kai, waɗanda aka amince da su a ƙarshe bayan tantancewa kuwa ba su kai 100 ba. Wato in Auta ta gama tana sha biyar, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta zauna gida shekara guda tana jira. Muka ce wa uwargida, yarinyar da ta gama sakandare tana zaune a gida ba ta zuwa ko'ina, ita ce masu sallama suka fi saurin ganowa. Ta ce, "Duk da haka da takardarta a hannu take zaune." Wannan ma gaskiya ne, ba mu musa ba.

Wani abu da ya daɗe yana yi mana yawo a rai shi ne makarantun kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Zaɓen yara aka yi da jarrabawa, aka ba su malamai da ɗakunan gwaji, ba a rage musu shekara ko ɗaya ba. Mu kuwa da ba mu da malaman da ɗakunan, sai muka koma rage shekaru, tunda shi ne abin da ba ya cin ko kwabo.

Bayan salla muka koma wurin hedimasta da roƙo: a bar ta a ajinta, amma in lokacin lissafi ya yi ta je ta zauna da 'yan aji shida. Ya yi ta jujjuya jadawalin darussa yana cewa ba a taɓa yi ba, kuma in wasu iyaye suka ji kowa zai ce ɗansa ma haka. Daga baya aka gano duka azuzuwan biyu da lissafi suke fara safiya ranaku huɗu a mako, ya ce a gwada zango ɗaya. 'Yan aji shidan duka su bakwai ne. Mu kuma aka ɗora mana namu aikin, kullum bayan magariba ta karanta mana shafi biyu na Turanci da ƙarfi, ta faɗa mana da Hausa abin da ta karanta. A nan ne muka gane cewa mu da muke kiran kanmu marubuta, gidanmu cike da littattafai, ba mu taɓa zama mun saurari karatun 'yarmu ba.

Abin bai tafi sumul ba. Yara sun laƙaba mata Farfesa, ta dawo da kuka sau biyu. Malamin ajinsu ya ɗauka raini ne, ya daina kiranta ko ta ɗaga hannu a sauran darussa, sai da muka je muka ba shi haƙuri. A jarrabawar farko da ta yi da 'yan aji shida 61 ta samu, ta ƙi cin tuwo, Kawu kuwa da aka gaya masa a waya ya ce wannan ne maki na farko da ya burge shi.

Kafin ya koma Funtua ya zana mata gida tara a ƙasa, uku-uku, ya ce ta zuba lambobi daga 1 zuwa 9 yadda ko ta ina aka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, za a sami 15. Ya gaya mata cewa wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan irin waɗannan gidaje a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau. Kwana biyu ta yi ta warware. Yanzu ta koma mai gida 25, wanda kowane layi ke ba da 65, ta cika bangon bayan ɗakin girki da gawayi. Hajiya ta gani ta kira mu gefe ta tambaya a hankali, wa ke koya wa kishiyarta hatimi.

Yanzu Auta tana aji biyar. Makon jiya hedimasta ya sake aikowa, wannan karon da fom ɗin kansa a cikin ambulan, ya ce in ta zauna bana za ta shiga sakandare tana goma, ta gama tana sha shida daidai, babu zaman jira. Uwargida ta karɓa ta sa a ƙarƙashin faranti a cikin kabad, inda take ajiye kuɗin adashi. Karatun Turancin ya yi kyau, amma jiya da magariba ta yi tuntuɓe sau huɗu a shafi ɗaya, mun ƙirga, uwarta ma daga bakin murhu ta ƙirga, ta ce uku ne. Ranar Litinin ake rufe karɓar fom, mun aika wa Kawu kuɗin mota ya zo ranar Asabar.